Dan Allah a taimaka: wane kayan kicin ne wuta da zafi ke bi ta jikinsu, wanne ne basa bi?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka, dan Allah masu ilimin kimiyya da masu aikin wuta ku taimaka min da bayani. Yarinyata tana aji biyu a ƙaramar sakandare, malaminsu ya basu aikin gida wai kowa ya shiga kicin ɗin gidansu ya rubuto kaya kashi biyu, kashi ɗaya waɗanda zafi da wutar lantarki ke bi ta jikinsu, ɗaya kashin kuma waɗanda basa bi. Mun fara lafiya lau, cokali da wuƙa da tukunya da matsami muka sa su gefe guda, muciya da ludayin duma da mara da faifai da kofin roba muka sa ɗaya gefen, to daga nan ne fa muka cije dan tambayoyin da take jero min ni kaina sun tsaya min a rai.

Tace Mama tukunyar ƙasa fa, in zafi baya bi ta ƙasa ya akai ake dafa wake a ciki har ya nuna? Kofin gilashi kuma an ce baya ɗaukar zafi amma in aka zuba shayi ba a iya riƙe shi. Ruwa a wane gefe zamu sa shi? Gishiri fa, da man gyaɗa? Ni kuma tawa tambayar, tsumman sauke tukunya in busasshe ne lafiya lau amma in ya ɗan jiƙe sai kiji zafi ya ratsa hannunki nan take alhali ruwa ai sanyi gare shi, me ke kawo haka?

Sai babbar damuwata wadda ita ce ma tasa na kasa haƙuri na rubuto. Hitar da muke dafa ruwan wanka da ita kwanan nan in an sa ta a bokitin ƙarfe duk wanda ya taɓa bokitin sai yaji ta ɗan ja shi, kuma da bata yin haka. Firizar ma haka take in mutum ya taɓa ta ba takalmi musamman in an goge ƙasa bata bushe ba. Ƙanwar maigidana tace ba komai bane in dai mutum na sanye da silifas, amma gida ne mai yara shi yasa hankalina bai kwanta ba. Na gode Allah ya saka da alheri.

Oga Mai Wayarin:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo kan aikin makaranta, dan girman Allah ki cire hitar nan yau ɗin nan ki datse wayarta da wuƙa ki jefar, kar ma ki ajiye a sito dan wata rana wani zai ɗauko ya jona. Aikin wuta shi ne sana'ata kuma abin da kika kwatanta hita ce da ta riga ta lalace, ba a gyara ta.

Bari in gaya miki yadda cikinta yake sai ki gane. Wannan bututun ƙarfen da kike gani a nannaɗe ba shi ne ke ɗauke da wuta ba, a can tsakiyarsa akwai wata siririyar waya da ake kira nikrom, haɗin ƙarfen nikel ne da kuromiyam, ita ce wuta ke bi ta yi jawur. Tsakanin wayar da bututun an ɗura wani farin gari an danne shi tam, magnesiyam oksaid sunansa, aikinsa ya bar zafi ya fito zuwa bututu amma ya tare wutar kar ta fito. To matsalar garin nan yana shan danshi, da zarar bututun ya tsage, ko tsatsa ta huda shi, ko an taɓa kunna ta ba ruwa ta ƙone, ko an nutsa ta har kan robar wuyanta ruwa ya shiga, garin ya jiƙe to shikenan wuta ta samu hanya, daga waya zuwa bututu zuwa ruwa zuwa bokiti zuwa hannun yaro. Kuma yawancin masu arahar nan filoginsu baki biyu ne babu atin, ma'ana babu inda wutar da ta zubo zata bi ta tafi ƙasa sai ta jikin wanda ya taɓa.

Maganar silifas kuma ki bawa ƙanwar maigidanki haƙuri kar ta dogara da shi. Roba busasshiya tana tare wuta gaskiya ne, amma silifas ɗin banɗaki da kicin yaushe yake bushewa, ga ƙasa ta manne a jiki ga wani ya sha duniya har ya huje, kuma ko ƙafa na kan roba in ɗaya hannun ya dafa famfo ko jiƙaƙƙen bango ai an gama. Wutar gidajenmu bolt 230 ce ko kusa da haka. Fatar mutum in a bushe take tana turjiya sosai, tana iya kai om (ma'aunin turjiya ga wuta) dubu goma-goma har sama, amma in ta jiƙe tana iya saukowa wajen om 1,000, in kika raba 230 da 1,000 kin samu miliamfiya (ma'aunin yawan wutar da ke wucewa) 230 kenan ke ratsa jiki, alhali daga wajen 10 zuwa 16 hannu ke fara maƙalewa mutum ya kasa saki, kuma birekar da ake sawa dan kare rai a kan 30 take yanke wuta. Kinga ke nan ɗan jan da kuke ji yanzu sa'a ce kawai ta busasshen hannu.

Firiza ita ba jefarwa za ki yi ba, ki kira mai wuta ya duba abu biyu, ya duba ko wayar atin ta soket ɗin tana aiki da gaske, ita ce mai launin kore da ruwan ɗorawa wadda ke zuwa dogon bakin filogi na sama, dan gidaje da yawa soket baki uku ne amma in ka buɗe waya biyu ce kawai a ciki, sannan ya duba firizar kanta ko ɓera ya ci waya ko kwamfiresa ce ke zubar da wuta. Kafin ya zo kar kowa ya taɓa ta sai an kashe soket. In da hali a sa muku birekar nan mai miliamfiya 30 a wajen akwatin fiyus.

Kuma Allah ya kiyaye in wuta ta kama mutum kar a riƙo shi da hannu, a fara kashe wutar daga babban makunni, in ba a kai gare shi ba a ture shi da busasshen katako irin muciya ko sandar mofa ta itace, busasshe nace, dan jiƙaƙƙen itace wuta na bin sa. Kar kuma a watsa ruwa a gobarar lantarki.

Malamin Fiziks:

Oga ya gama magana a kan hita, Hajiya ki bi shawararsa kafin komai. Ni bari in ɗauki ɓangaren ɗalibarmu, kuma ki gaishe min da ita dan tambayoyinta na mai tunani ne, irin su muke nema a aji.

Abu na farko da ya kamata ta riƙe shi ne babu wani abu a duniya da zafi baya bi ta jikinsa kwata-kwata, bambancin na sauri ne. Littafin ƙananan aji yana raba su gida biyu ne dan sauƙi amma a zahiri hawa-hawa ne. Akwai ma'auni da ake auna saurin tafiyar zafi a cikin abu, in aka jera su azurfa ce a sama da wajen 430, jan ƙarfe irin na cikin wayar wuta wajen 400, alminiyam wajen 230, baƙin ƙarfen zubi wajen 50, sitenles wajen 15 kacal, sai a faɗo ƙasa sosai, gilashi da gasasshiyar ƙasa wajen 1, ruwa 0.6, roba da itace tsakanin 0.1 da 0.4, iska kuma 0.026. To kinga tukunyar ƙasa zafi na ratsa ta, sai dai ya fi na alminiyam nawa sau kusan 200, shi yasa take jinkirin ɗaukar zafi kuma take jinkirin sakinsa, kuma da yake jikinta ba kauri ne da shi can ba sannan wutar ƙarƙashinta mai ƙarfi ce, zafin da ke ratsawa ya isa ya dafa wake. Kofin gilashi ma haka, bangonsa siriri ne shayi kuma na kusa da digiri 100, cikin ɗan lokaci zafin ya fito waje. Wannan nawar tasa ce ma ke sa kofi mai kauri ya fashe in an kwara masa tafasasshen ruwa, cikinsa ya yi zafi ya buɗa wajensa na nan da sanyi bai motsa ba sai ya tsage.

Dalilin da yasa ƙarfe ya yi wa saura nisa haka, a cikin ƙarfe akwai ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektiron waɗanda basa ɗaure a wuri ɗaya, yawo suke a duk jikin ƙarfen. A itace ko roba ko gilashi kuwa kowanne a ɗaure yake a gidansa. Sai ya zama a itace zafi na tafiya ne kamar mutane sun yi layi suna miƙa bokiti hannu da hannu, a ƙarfe kuma akwai 'yan gudu da ke ɗauka su kai can ƙarshe. Kuma waɗannan ilektiron ɗin dai su ne ke ɗaukar wutar lantarki, shi yasa a cikin ƙarafa wanda ya fi kai zafi shi ya fi kai wuta, wasu Jamusawa biyu Wiedemann da Franz ne suka lura da hakan tun 1853. Alminiyam yana kai wajen kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke kaiwa na wuta, sitenles kuwa bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba, amma kar wannan ya ruɗi kowa, ko wannan ɗan kason ya ishi cokalin sitenles ya kai wa mutum wutar da zata kashe shi in ya zura a soket ko a tosta.

Inda nake so ta fi maida hankali shi ne da an bar ƙarfe to zafi da lantarki sun raba hanya, kowanne sai an tambaye shi daban, anan ne jerin gida biyu ke ba da matsala. Garin cikin hita da Oga ya faɗa misali ne, yana barin zafi yana tare wuta. Ruwa kuma akasin haka, wajen kai zafi daga wannan gefe zuwa wancan rago ne, abin da ke sa tukunya ta tafasa gaba ɗaya shi ne ruwan ƙasa da ya yi zafi yana tasowa sama na sama yana sauka, juyawa yake. Wajen lantarki kuma tataccen ruwa zalla wanda babu komai a ciki kusan baya kai wuta, amma irinsa babu shi a kicin, ruwan famfo da na rijiya da na burtsatse da na leda duk akwai gishirin ƙasa narke a ciki kuma su ke ɗaukar wutar. In aka ƙara gishiri ko kanwa ko ruwan lemon tsami ko tsamiya abin sai ya ƙaru sosai. Gishiri busasshe a cikin gwangwani baya kai wuta sai ya narke a ruwa. Sukari ko ya narke baya ƙara komai. Man gyaɗa da manja basa kai wuta, shi yasa ma ake zuba wani irin mai a cikin taransifoma. Jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne mai gishiri, to kinga gefen da muka faɗa.

Tsummanki kuma Hajiya, ba zaren ne ke kare hannunki ba iskar da ke maƙale tsakanin zaren ce. Da ya jiƙe ruwa ya kori iskar ya zauna a wurinta, kuma ruwa ya fi iska kai zafi sama da sau 20, sannan in ya taɓa tukunya mai zafi ruwan ya koma tururi ya bugi fata, ƙunar tururi kuma ta fi ta tafasasshen ruwa. Sanyin da kike ji a ruwa ma shi ne shaidar, yana kwashe zafin hannunki da sauri ne. Haka in kin shiga kicin da asuba lokacin hunturu cokali zai fi muciya sanyi a hannu alhali a ɗaki ɗaya suka kwana zafinsu ɗaya, cokalin ne ke zuƙe ɗumin hannunki da sauri.

Hajiya Mai Tuwo-Tuwo:

Malam Allah ya ƙara ilimi, wallahi yau na samu amsar abin da na daɗe ina gani a wajen sana'a ban san dalilinsa ba. Mu masu abincin sayarwa duk mun san tukunyar sitenles mara kauri bata yin tuwo, kina talge kafin ki juya ƙasan ya kama daidai inda harshen wuta ke duka, gefe kuma bai ma yi zafi ba, sai ƙauri ya bi abincin gaba ɗaya. Ashe zafin ne baya yaɗuwa yana tsayawa wuri ɗaya. Amma tukunyar ƙira ta alminiyam mai kauri ko buhun masara zaki tuƙa zafi na zagaye ta ko'ina, ƙanzon ma in ya yi sai ya yi bai ɗaya. Shi yasa ashe sitenles masu tsada in kika juya gindinsu zaki ga an liƙa wani faifan ƙarfe mai kauri, wani mai sayar da tukwane ya taɓa ce min alminiyam ne a ciki wani kuma jan ƙarfe, duk mai sayen sitenles ta ɗaga ta duba gindin in shafal yake to ta dafa ruwa da taliya ce kawai.

Waina kuma ni har gobe tandar ƙasa nake so, tana ɗaukar lokaci kafin ta yi zafi amma in ta ɗauka ta ɗauka kenan, ko wuta ta ɗan ja baya bata hucewa, cikin wainar ya nuna bayanta ya yi ja a hankali. Ta ƙarfe tafi sauri amma sai kina tsaye a kanta kina rage wuta kina ƙarawa. Kuma iyayenmu da suke zuba tuwo a akushi su rufe da faifai ai sun san abin da suke yi, maigida zai dawo bayan isha ya tarar da ɗumi, a kwanon silba kuwa tuni ya sandare. Ni ko yanzu in na dafa wake ko ganda na bar shi ya tafasa sosai sai in sauke in nannaɗe tukunyar da tsohon bargo in sa a kwali, zai ci gaba da nuna da kansa gas ɗina ya huta, sai dai kar a bar shi har ya huce a ciki dan zai lalace.

Shawara ga ƙananan amare, kar ki bar ludayin ƙarfe a cikin miya tana tafasa ki dawo ki damƙa, kuma kar ki sa cokalin roba na banza a mai mai zafi dan man suya yafi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, zai narke miki a ciki. Muciya da ludayin duma basu taɓa ƙona kowa ba.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Nijar. Hajiya nan wajenmu ma haka ne kuran, wato wutar lantarki, bolt 220 ne kuma hita iri ɗaya ce ake saidawa a kasuwa, ki jefar da ita kawai. Ni abin da zan ƙara a sa ma yarinya tulu da randa cikin masu tare zafi, dan mu nan da tulun Mirya muke shan ruwan sanyi tsakiyar bazara ba firigo ba kuran, ƙasar ce ke hana zafin waje shiga shi yasa ruwan ke sanyi. Malam ko ba haka ba?

Malamin Fiziks:

Ɗan uwa na Damagaram rabin maganarka haka ne, ƙasa na rage shigar zafi, amma abin da ke tare zafi baya iya sanyaya abu, iyakarsa ya riƙe shi yadda aka zuba, kamar kula da filas, in ka zuba ruwa mai ɗumi a kula ɗumin zaka tarar. Randa ita sanyaya ruwa take da gaske kuma ta wata hanya daban, jikinta na da ƙananan ƙofofi da ido baya gani, ruwa na tsattsafowa waje yana bushewa a iska, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi, daga jikin randar yake ɗiba. Shi yasa in aka shafe randa da fenti ko siminti ta daina sanyi, shi yasa kuma tafi aiki a bazara da hunturu lokacin da iska ke bushe, da damina kuwa sanyinta kaɗan ne. Da wannan hikimar ce marigayi Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani dan adana tumatir da ganye a ƙauyuka, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000.

Kula kuma abin da ke cikin bangonta soso ne mai cike da ƙananan kumfa, iskar da ke kulle a ciki ce ke aikin. Filas ɗin shayi ya wuce nan, bango biyu gare shi an zuƙe iskar tsakaninsu gaba ɗaya dan zafi ya rasa abin da zai bi, an kuma shafe shi da abu mai ƙyalli da ke maida zafi ciki, James Dewar ne ya ƙirƙiro shi a 1892. In filas ya fara ɗumi a bayansa in an zuba ruwan zafi to iska ta shiga tsakanin, ya gama aiki.

Maman Ilham:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya biya ku, Oga an datse hitar an jefar kuma mai wuta zai zo duba firiza, na hana yara zuwa wajen. Malam Ilham tana gaishe ka, tace a tambaye ka gawayi a ina zata sa shi tunda daga itace yake, da takardar foyil ta gashi, sannan baƙin hannun tukunya da na buta wanda baya narkewa roba ce ko me? Kuma akwai yadda zata gwada da kanta a gida ba haɗari? Dan malaminsu yace wanda ya gwada zai fi samun maki.

Malamin Fiziks:

Ina amsawa. Foyil alminiyam ne tsantsa dan haka wuta da zafi duk suna bi, abin da yasa ake iya taɓa shi daga fitowa oben siriri ne sosai, zafin da ke jikinsa kaɗan ne kuma nan da nan yake hucewa, amma abincin da ke ciki zai ƙona ki. Kar a sa shi a makrowef, haka cokali mai yatsu da farantin tangaran mai zanen ruwan zinare a baki, tartsatsi suke yi. Baƙin hannun tukunya yawanci bakelait ne, wata roba ce da Leo Baekeland ya haɗa a 1907 wadda in ta daskare bata sake narkewa, tana tare zafi tana tare wuta shi yasa ake yin soket da makunni da ita, sai dai in harshen gas ya daɗe yana lasarta tana ƙonewa ta yi wari ta farfashe.

Gawayi tambaya ce mai kyau. Wajen zafi mai tarewa ne dan duk huji ne da iska a ciki. Wajen lantarki kuma itace in ya ƙone ya koma kabon yana iya fara kai wuta, gwargwadon yadda ya gasu, wanda ya sha wuta sosai yafi kaiwa, wani kuma kusan baya kaiwa. Ta rubuta shi a gefe ta yi wannan bayanin. Bakin fensir shi ma kabon ne kuma yana kai wuta sarai duk da ba ƙarfe bane.

Gwaji kuma da batirin tocila kawai, biyu ko uku masu bolt 1.5, ko kusa da soket kar ta je. Ta samo ɗan ƙwan LED na tsohuwar tocila da guntayen waya, ta haɗa batir da ƙwan ta bar baki biyu a buɗe, in ta haɗa bakunan ƙwan ya kama to haɗin ya yi, in bai kama ba ta juya ƙafafun ƙwan dan gefe ɗaya yake karɓa. Sai ta riƙa sa abu a tsakanin bakunan, cokali, foyil, muciya, kofi, bakin fensir, busasshen gishiri. Sannan ta tsoma bakunan biyu a kofin ruwa kusa da juna ba tare da sun taɓa ba, ta duba hasken a wuri mai ɗan duhu, ta zuba gishiri ta juya ta sake dubawa, ta gwada ruwan sukari a wani kofin da man gyaɗa a wani. Na zafi kuma ta samo cokalin ƙarfe da na roba da na katako masu kusan tsayi ɗaya, ta manna ƙwayar wake a kan kowanne da ɗan man shanu mai daskarewa a daidai tsayi ɗaya, ke ki zuba mata ruwan zafi a kofi ta tsaya da su a ciki ta ga wanne waken zai fara zamewa.

Oga Mai Wayarin:

Abin da Malam ya faɗa na gawayi mu muna ganinsa kullum a wajen aiki. Soket ko filogin da ya taɓa ƙonewa ya yi baƙi, wannan baƙin kabon ne kuma wuta na bi ta kansa, shi yasa zaki ji yana ƙara yana wari ko ba a jona komai mai nauyi ba. Hajiya in mai wutar ya zo ki sa ya duba soket ɗin da kuke jona hitar, dan hita na jan wuta da yawa kuma sau tari a ƙaramin ekistenshan ake jona ta wayar ta yi ta zafi, in ya ga baƙi ko narkewa a bakin ya canza shi gaba ɗaya kar ya kankare ya mayar. Ruwan wanka kuma ki koma butar lantarki mai filogi baki uku ko ki ɗora a gas, in kuma dole sai hita to a sa ta a ruwa kafin a kunna, a kashe a zare filogi kafin a sa hannu a ji ko ya yi zafi, kuma a kulle ƙofar wajen kar yaro ya shiga tana ciki.